NAZARI: Tiyatar Da Ba A Yanka: Na'ura Na Isowa Cikin Shekara Ɗaya, Likitanta Sai Bayan Shekara 14

A watan Yunin 2025 aka buɗe babbar Cibiyar Lafiya ta Afirka a Abuja, asibitin da bankin Afreximbank ya gina da haɗin gwiwar asibitin King's College na Landan domin jinyar cutar daji da cututtukan jini da na zuciya. Kafin ita, hukumar NSIA mai juya rarar kuɗin ƙasa ta kafa cibiyar cutar daji a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, da cibiyoyin gwaje-gwaje a Asibitin Malam Aminu Kano da kuma Umuahia. A kowane bikin buɗewa jawabin kusan ɗaya ne: an kusa daina tafiya Indiya da Masar da Dubai neman magani, tafiyar da jami'an gwamnati suka sha cewa tana lashe kimanin dala biliyan ɗaya a shekara.

Abin da ba a cika ambata a wurin biki ba shi ne, a cikin manyan asibitoci na zamani akwai wani ɗaki da kuɗi kaɗai ba sa buɗe shi. Ɗaki ne mai gado ɗaya, da na'urar ɗaukar hoto mai lanƙwasa kamar lauje tana kewaya majiyyaci, da allunan kallo a rataye. Ana iya ba da kwangilarsa a watan Maris a kafa shi kafin Disamba. Likitan da zai tsaya a gefen gadon kuwa, daga ranar da ya shiga jami'a zuwa ranar da za a sakar masa aiki shi kaɗai, ba ya kasa shekara 14. Wa'adin mulki uku da rabi ke nan.

Fannin reshe ne na ilimin hoton cikin jiki, wato rediyoloji. Likitan hoto da aka saba da shi yana duba eksire ko sikanin ko hoton CT da MRI, ya rubuta abin da ya gani, ya miƙa wa wani likita. Wannan kuwa da hoton yake yin aikin da kansa. Zai huda jijiyar jini a matse-matsi ko a wuyan hannu da allura, ya zura siririyar waya, ya bi ta da siririn bututu, yana kallon tafiyarsu a allo har su kai inda cuta take. A can zai buɗe jijiyar da ta toshe, ko ya toshe wadda ke zubar da jini, ko ya zuba magani a cikin ƙari kai-tsaye. Sau da yawa ba a sa majiyyaci barci, allurar kashe zafi ta wadatar, kuma raunin da ake bari bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Dabarar allura da waya wani likitan Suwidin ne, Sven-Ivar Seldinger, ya bayyana ta a 1953. A ranar 16 ga Janairun 1964 Charles Dotter, a jihar Oregon ta Amurka, ya yi amfani da ita wajen buɗe jijiyar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, kuma ƙafar ta tsira. Daga nan fannin ya yi ta reshe. Birtaniya ta amince da shi a matsayin ƙwarewa ta musamman a ƙarƙashin rediyoloji a 2010, Amurka kuma ta ba shi matsayin fanni mai cin gashin kansa a 2012.

Mene ne ruwan Najeriya da shi?

Akwai masu ganin wannan ilimi ne na ƙasashen da suka ƙoshi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan dalilai. Matar da ke zubar da jini a ƙauyen da ke nesa da titi ba ɗakin lauje take bukata ba. Unguwarzoma ƙwararriya take bukata, da allurar matse mahaifa, da ledar jini, da motar da za ta kai ta gaba. Duk wanda ya ce wannan fanni ne zai sauko da waɗancan alkaluma ya faɗi abin da ba haka ba.

Amma akwai wadda ta riga ta iso babban asibiti, aka yi duk abin da aka saba jinin bai tsaya ba. A mafi yawan asibitocin ƙasar nan abin da ya rage mata shi ne a cire mahaifar, ko da haihuwarta ta fari ce. A inda ake da likitan wannan fanni, ana iya toshe jijiyoyin da ke kai jini mahaifa a bar ta a wurinta. Da irin wannan dabara, wadda Jacques Ravina da abokan aikinsa suka wallafa daga birnin Paris a 1995, ake busar da ƙarin mahaifa ba tare da an buɗe ciki ba, cutar da ta fi yawa a tsakanin mata baƙar fata. Ba kowace mace ce dabarar ta dace da ita ba, musamman mai neman haihuwa, amma zaɓi ne da ya kamata a ce yana kan tebur.

Haka zancen yake a hanta. Binciken ƙasa na 2018 ya gano ciwon hanta nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na manya, kuma shi ne babban tushen sankarar hanta, wadda akasari ba a gano ta sai ta wuce matakin yanka. Mai sankarar bakin mahaifa da ƙari ya danne mata hanyar fitsari, bututun da aka zura ta baya zuwa ƙoda ne zai hana ƙodar mutuwa har a samu damar yi mata gashi. Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta a 2025, amma wankin ba ya yiwuwa sai da hanyar jini mai kyau, kuma gyara wannan hanya idan ta toshe aikin waɗannan likitoci ne.

Sai shanyewar ɓarin jiki, inda zancen ya shafi kowa har da masu fasfo ɗin diflomasiyya. Tun daga 2015 manyan gwaje-gwaje suka tabbatar da cewa zaro gudan jinin da ya toshe babbar jijiyar ƙwaƙwalwa na iya mayar da mutum kan ƙafafunsa, matuƙar an yi cikin sa'o'i. Biza da tikitin jirgi da wasiƙar amincewa daga ma'aikata ba sa samuwa cikin sa'o'i. Babban sakatare ko mai ba minista shawara da ya yanke jiki ya faɗi a Maitama, likitan da ke cikin Abuja a wannan daren shi ne nasa.

Hanyar mai nema

Ɗalibi zai yi shekara shida a makarantar likitanci, idan yajin aiki bai ƙara masa ba. Sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki kafin Majalisar Likitoci ta MDCN ta ba shi cikakken lasisi, sai shekarar hidimar ƙasa. Daga nan zai zauna jarrabawar share fage a ɗaya daga cikin kwalejoji biyu: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda sashen rediyoloji ke ƙarƙashinta. Da yawa kan zauna duka biyun.

Cin jarrabawar ba ya ba da gurbi. Najeriya ba ta da tsarin bai-ɗaya na raba masu neman ƙwarewa zuwa asibitoci. Kowane asibiti shi ke tallata gurabensa, ya yi jarrabawarsa da ganawarsa, kuma asibitin tarayya ba ya iya ɗauka sai ya samu izini daga ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, ya daidaita da ofishin kasafi da Hukumar Raba Daidai, sannan a shigar da sunaye cikin tsarin biyan albashi. Izinin na iya ɗaukar watanni, ita kuma takardar share fagen tana da wa'adi. Wanda ya gaji da jira yakan nemi jiharsa ta ɗauki nauyinsa ya shiga a matsayin ɗan ƙari, idan jihar tana da wannan niyya.

Idan ya shiga, horon rediyoloji kan ɗauki shekara biyar zuwa shida, da jarrabawar kashi na ɗaya a tsakiya, da ta kashi na biyu tare da kundin bincike a ƙarshe. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018, ta tanadi asusun biyan kuɗin jarrabawa da kwasa-kwasai. Jinkirin sakin kuɗin wannan asusu ya zama baƙon da ba ya ɓacewa a jerin ƙorafin ƙungiyar NARD kusan duk lokacin da ta shiga yajin aiki.

A nan ne hanya ke ƙurewa. Wanda ya gama duk wannan ya zama ƙwararren mai karanta hoto, ya iya ɗibar samfurin nama da allura, wataƙila ya iya zuƙe ruwan ƙurji. Aikin cikin jijiya kuwa ba a koyon sa a littafi. Sai an tsaya kusa da gwani, an yi ɗaruruwan ayyuka ana rubuta kowanne a littafin shaida, an ga yadda jijiya ke fashewa da yadda ake ceto majiyyaci idan ta fashe. Wannan na bukatar ƙarin shekara ɗaya ko biyu a cibiyar da ke yin aikin kullum. Ƙasar na da gwanaye, irin su Farfesa Ahmed Ahidjo na asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da wasu da suka dawo daga waje suka buɗe aiki a asibitoci masu zaman kansu a Legas. Sai dai cibiyoyin da suka haɗa malami da na'ura mai aiki da isassun majiyyata masu iya biya ba su da yawa, shi ya sa da dama daga cikin masu yin aikin a yau a ƙetare suka ƙarasa koyo.

Ƙofofin ƙetare kuma suna ƙara matsewa. A Amurka, mai nema sai ya ci jarrabawar USMLE, ya samu shaidar hukumar ECFMG, ya shiga zaɓen da ake sanar da sakamakonsa kowane watan Maris. Horon da aka haɗe shi wuri guda shekara shida ne, kuma yana cikin fannonin da aka fi rububi a kai, har ga 'yan ƙasar. A zahiri, babban likita daga Zariya ko Ibadan zai koma layin farko ne tare da yaran da suka gama makaranta jiya. A Satumban 2025 gwamnatin Amurka ta ɗora kuɗin dala 100,000 kan sababbin takardun bizar aiki ta H-1B, ɗaya daga cikin hanyoyin da likitocin waje ke shiga. A Birtaniya ma horon shekara shida ne, da jarrabawar FRCR a ciki, kuma shirin lafiya na shekara goma da gwamnati ta fitar a Yulin 2025 ya yi alkawarin fifita waɗanda suka yi karatu a can wajen raba gurabe. Abin da ya rage wa mafi yawa shi ne gajeren horo a Indiya ko Masar ko Afirka ta Kudu, wani lokaci na 'yan watanni, wani lokaci na kallo kawai ba a bari baƙo ya taɓa majiyyaci. Takardar shaida za ta fito da kyau a bango, amma hannu bai faɗa ba.

Inda fayil ke kwana

Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kimanin 16,000 ne suka bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Martanin gwamnati ya zo ta fuska biyu. Ta ɗaga adadin ɗaliban da makarantun kiwon lafiya ke ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000, sannan a Agustan 2024 ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Ɗaga adadin abu ne mai kyau, amma ya faɗaɗa bakin rijiya ne kawai. Ɗalibin da ya shiga a 2024 ba zai kai ƙofar wannan fanni ba sai wajen 2038, kuma idan ya iso ya tarar babu mai koya masa, zai bi hanyar da yayyensa suka bi.

Ɗaya fuskar ita ce ta tsoron guduwa, kuma ita ce ta fi cutar da fannoni irin wannan. A Maris na 2024 ƙaramin ministan lafiya na lokacin, Tunji Alausa, ya ce duk ma'aikacin lafiya da zai fita neman aiki a waje sai ya ajiye aiki, ba zai tafi da sunan hutu ba. Manufar ita ce a samu damar cike gurbinsa, kuma akwai hankali a ciki. Amma a teburin jami'in mulki, takardar mai neman hutun ƙaro ilimi da ta mai shirin tserewa kama ɗaya suke yi, kuma jami'in da ba ya son a tuhume shi gobe yakan ga ya fi masa sauƙi ya ajiye fayil ɗin. A ƙarshen 2024 asusun TETFund ya sanar da dakatar da ɗaukar nauyin karatu a ƙasashen waje saboda tsadar canji da kuma ƙin dawowar wasu. Dama can asusun na ma'aikatan jami'o'i da sauran manyan makarantu ne. Likitan da asibiti ya ɗauka, ba jami'a ba, yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, ba shi da rabo a ciki.

Sakamakon ya zo a juye. Wanda ke da niyyar dawowa shi ne ke bukatar izini da albashi da yarjejeniyar komawa bakin aiki, kuma shi ake wahalarwa. Wanda ba shi da niyya bai nemi izinin kowa ba.

Ga wanda ya jure ya dawo, wata gwagwarmayar ce ke jiransa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: yana bukatar ma'aikacin ɗaukar hoto da ya san ɗakin, da ma'aikatan jinya da aka horar, da injiniyan gyara, da lasisin hukumar NNRA mai kula da tururin nukiliya. Wayoyi da bututai da ragar buɗe jijiya duk daga waje ake shigo da su, mafi yawa sau ɗaya ake amfani da su, kuma farashinsu ya bi dala tun da aka saki naira a Yunin 2023. Kasafin manyan ayyuka na sayen na'ura, amma waya da bututu da kwangilar gyara na faɗawa ƙarƙashin kuɗin gudanarwa, wanda shi ne ya fi ƙaranci. Ga kuma wuta. Asibitin koyarwa na Ibadan, mafi tsufa a ƙasar, ya shafe sama da kwana ɗari a yanke daga layin lantarki tsakanin ƙarshen 2024 da farkon 2025 saboda bashi. Ba a zura waya cikin jijiyar ƙwaƙwalwa ana sauraren ƙarar janareta ko zai ɗauke.

Akwai ma abin da ba a faɗa a fili. Sashen hoto a al'adance ba shi da gadajen kwanciya ko ranar ganin marasa lafiya, don haka likitan wannan fanni yakan roƙi gado a sashen wani. Ɗakin lauje ɗaya ne, likitocin zuciya da na tiyatar jijiya da na ƙwaƙwalwa duk suna da'awar sa. Albashinsa kuwa daidai yake da na abokin karatunsa da ke zaune a ɗaki mai sanyi yana karanta hoto, wanda ma yana iya karanta na wasu asibitoci ta intanet ya ƙara samu. Shi kuma yana tsaye sa'o'i da rigar dalma mai nauyi, tururi na dukansa, ana tashinsa da tsakar dare. Alawus ɗin haɗari na ma'aikatan lafiya ya zauna a naira 5,000 a wata tsawon shekaru kafin a taɓa shi a ƙarshen 2021. Matashin da ya yi wannan lissafi ya zaɓi kujera ba a ce ya yi wauta ba.

Sai batun wanda zai biya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora kan kowa, kuma ma'aikatan tarayya na cikin waɗanda suka fi daɗewa a tsarin. Duk aikin da jadawalin hukumar NHIA bai sa masa farashin da ya rufe kuɗin kayan aiki ba, asibiti ba zai yi shi da katin inshora ba, zai ce a kawo kuɗi a hannu. Idan masu iya biya sun yi kaɗan ayyuka za su yi kaɗan, kuma cibiyar da ba ta da isassun ayyuka ba ta iya koyar da kowa.

Tanzaniya, wadda tattalin arzikinta bai kai na Najeriya ba, ta bi wata hanya dabam. A 2018 Jami'ar Muhimbili da ke Dar es Salaam ta fara horo a gida, da taimakon likitocin jami'o'in Yale da Emory na Amurka. Maimakon a tura ɗalibai waje, malamai ne ke zuwa rukuni-rukuni, likita da ma'aikacin jinya da mai ɗaukar hoto, su yi makonni biyu su tafi wasu su zo. An fara da ayyuka masu sauƙin kaya, irin su ɗibar samfuri da zuƙe ƙurji da sa bututun ƙoda, waɗanda na'urar sikanin da ƙaramar na'urar eksire suka wadatar, kafin a hau aikin jijiya. An mayar da shirin digiri na biyu na shekara biyu, rukunin farko suka fita a 2021 suka koma malamai, har likitocin wasu ƙasashen Afirka suka fara zuwa koyo.

Najeriya ta fi Tanzaniya kayan haɗa irin wannan. Tana da kwalejoji biyu masu ikon tantance cibiya da ba da shaida, tana da 'ya'yanta ƙwararru a Amurka da Birtaniya da manufar 2024 ta ce ana son jawo su, tana da na'urori a asibitoci masu zaman kansu da za a iya haɗa su da na gwamnati wajen horo. Abin da ake nema ba shi da kyan hoto a jarida: lasisin wucin gadi cikin sauri ga malamin da zai zo na makonni biyu, layi a kasafi na waya da bututu, gurabe na musamman da izinin ɗaukarsu ba zai jira na ma'aikatar gaba ɗaya ba, da hutun karatu mai albashi da yarjejeniya mai haƙori ga wanda ya zama dole ya fita. Waɗannan duka takardu ne da ke yawo tsakanin Ma'aikatar Lafiya da ofishin Shugaban Ma'aikata da ofishin kasafi da MDCN da NHIA, dukkansu a cikin Abuja.

Kwalejojin biyu na zaman jarrabawa sau biyu a shekara. A kowane zama wasu matasa kan fito da shaidar ƙwarewa a rediyoloji, mafi yawansu sun haura shekara talatin, da iyali, da takardun neman aiki a Saudiyya ko Birtaniya da abokai suka riga suka turo musu a waya. Cikin 'yan watanni kowannensu ke yanke shawarar inda zai dosa.